RabbitMQ 4.0 ko Kafka 4.0: Wanne Za a Ɗora Tsakanin Manhajojin Kamfani?

Malam, tun da tambayarka ita ce wanne za ka ɗora tsakanin dillalan saƙo biyu, RabbitMQ 4.0 da Apache Kafka 4.0, domin manhajar odar kaya da ta sito da ta lissafin kuɗi su riƙa miƙa wa juna saƙo, amsata ita ce ka ɗauki RabbitMQ, ka kafa shi a kan sabar uku, kuma duk layin da zai ɗauki maganar kuɗi ko ta kaya ka mai da shi layin rinjaye (quorum queue), wato layin jiran saƙo da ake ajiye kwafinsa a kan sabar ukun. RabbitMQ nake riƙe da shi a wurin aikina tun yana jerin 3, na kuma bi shi har ya shiga jerin 4, saboda haka abin da zan faɗa a kansa a bakin aiki na san shi.

Dalilina yana cikin irin saƙon da manhajojinka za su aika. Saƙon da ya fito daga manhajar oda umarni ne: a cire kaya kaza daga sito, a rubuta takardar biya, a sanar da mai saye. Irin wannan saƙo ana so mai karɓa guda ya ɗauke shi, ya gama aikinsa, ya shaida cewa ya gama, sannan a share shi. Idan ya kasa a mayar da shi layi wani ya gwada, idan kuma ya gagari kowa a ware shi gefe don kada ya tare wa na bayansa hanya. Wannan aikin aka gina RabbitMQ ya yi tun fitowarsa a 2007. Kafka kuwa, wanda aka ƙirƙira a kamfanin LinkedIn aka kuma sake shi ga jama'a a 2011, kundi ne da ake rubuta abin da ya faru a jere. Saƙo ba ya gogewa don an karanta shi, yana nan har wa'adin ajiyarsa ya cika, wato kwana 7 idan ba a sauya saitin asali ba, kuma kowane mai karatu shi ke lura da inda ya tsaya.

Babban abin da RabbitMQ 4.0 ya zo da shi a watan Satumba na 2024 cirewa ce, kuma ita ce ta fi faranta mini rai. An cire tsohon tsarin kwafe layi daga sabar zuwa sabar, wanda aka daɗe ana gargaɗin mutane a kansa, domin idan sadarwa ta yanke tsakanin na'urorin, ko aka naɗa kwafin da bai gama daidaita ba a matsayin jagora, saƙonni suna iya salwanta ba tare da kowa ya ji ƙara ba. Abin da ya maye gurbinsa shi ne layin rinjaye, wanda ya fara fitowa a siga ta 3.8 a 2019, yana aiki da ƙa'idar Raft ta cimma matsaya tsakanin sabar. Ma'anarsa ita ce ba za a gaya wa mai aikawa cewa an karɓi saƙonsa ba sai mafi rinjayen sabar sun rubuta shi a faifansu, wato biyu daga cikin uku. Shi ya sa na ce uku. Sabar biyu ba ta da rinjaye idan ɗaya ta faɗi, don haka wanda ya kafa biyu ya kashe kuɗi ne bai sayi kariya ba.

Na ga amfanin wannan da idona a wani ƙarshen wata, lokacin da oda ta fi yawa. Manhajar lissafinmu ta tsaya cikin dare saboda rumbun bayananta ya cika, kuma kafin a kai ga gyara ta, faifan ɗaya daga cikin sabar ukun da ke riƙe da saƙonni ya mutu. Masu saye ba su san an yi komai ba, domin manhajar oda ta ci gaba da karɓa tana turawa, sabar biyun da suka rage suka zaɓi sabon jagora a tsakaninsu cikin ɗan lokaci, takardun biya kuma suka yi ta taruwa a layinsu suna jira. Da safe da aka tayar da manhajar lissafi, na zauna gaban shafin kulawa ina kallon adadin yana sauka har ya kai sifili. Akantocinmu suka gwada lissafinsu da na sito, ya zo daidai, ban da oda guda da aka shigar da lambar kaya mara kyau, wadda muka tarar tana zaune a layin saƙonnin da suka gagara, da dalilin ware ta a rubuce a kanta. Tun daga ranar nake barci da natsuwa a ƙarshen wata.

Wannan maganar ta saƙon da ya gagara ita ce ta biyu da 4.0 ya taɓa, kuma a nan ina so ka kula sosai. Da can saƙo mara kyau yana iya zagayawa tsakanin layi da mai karɓa ba iyaka, yana cin ƙarfin na'ura, sai idan kai ka sa masa iyaka. Yanzu layin rinjaye yana zuwa da iyakar gwaji 20 tun daga asali. Abu ne mai kyau, amma yana da sharaɗi: idan ba ka tanadi inda za a kai saƙon da ya cika gwajinsa ba, zubar da shi za a yi. Saboda haka kafin ka tura saƙon farko na gaske, ka kafa wa kowane layi ma'ajiyar saƙonnin da suka gagara, ka kuma sa wani ya riƙa duba ta kullum. Haka kuma a 4.0 layin rinjaye ya samu fifiko mai mataki biyu, na gaggawa da na yau da kullum, inda ake fitar da na gaggawa biyu a kan kowane na yau da kullum guda, don kada na baya su yi ta jira har abada. Ga kamfani irin naka wannan ya wadatar: soke oda ya riga sabuwar oda fita, shi ke nan.

Akwai kuma AMQP 1.0, ƙa'idar da manhajoji ke magana da dillalin saƙo da ita, wadda a da ake maƙala ta a matsayin ƙari, ana fassara kowane saƙo zuwa tsohuwar AMQP 0-9-1 kafin ya shiga layi. A 4.0 ta zama cikin ginin kansa. Muhimmancinta gare ka shi ne ƙa'ida ce ta duniya da ƙungiyar OASIS ta amince da ita a 2012, hukumar ISO kuma a 2014, kuma ita wasu dillalan saƙo irin Azure Service Bus da ActiveMQ Artemis suke ji. Idan masu rubuta manhajarku suka yi aikinsu da ita, ranar da kuka so sauya dillalin saƙo ba sai an rushe komai an sake ba. An kuma tabbatar da Khepri, sabuwar ma'ajiyar bayanan tsarin da ke maye gurbin tsohuwar, wato Mnesia, ita ma a kan Raft take, kuma ta fi iya jure yankewar sadarwa. Sannan an rage iyakar girman saƙo guda ta asali daga megabait 128 zuwa 16, wanda ni a ganina daidai ne, domin hoton rasit ko babban fayil wurinsa ma'ajiyar fayiloli, saƙo kuma ya ɗauki adireshinsa kawai.

Kafka 4.0 ya fito a watan Maris na 2025, kuma ba zan hana shi haƙƙinsa ba: ya rabu gaba ɗaya da ZooKeeper, manhaja ta daban da ke riƙe masa bayanan tsari, ya koma KRaft da ke cikin gininsa, ya kuma gyara yadda masu karɓa ke sake raba aiki a tsakaninsu ta yadda ba sai duka sun tsaya cik ba idan ɗaya ya shiga ko ya fita. Amma waɗannan gyaran cikin gida ne da masu kula da shi za su ji daɗinsu, ba su sauya yadda yake mu'amala da umarni irin naka ba. A tsarinsa na yau da kullum, yawan masu karɓar da za su yi aiki a lokaci guda ba ya wuce yawan kason da ka raba kundin, saƙo ɗaya da ya maƙale yana iya tsayar da na bayansa a wannan kaso, ba shi da fifiko, kuma maimaita gwaji da ware abin da ya gagara aikin masu rubuta manhajarka ne. Masu yin sa sun san da wannan giɓi, shi ya sa suka shigo da rukunin haɗaka (share groups), inda masu karɓa da yawa ke ɗaukar saƙo daga kaso ɗaya kamar a layin jira, sai dai a 4.0 ya zo ne a matsayin gwajin farko da su da kansu suka ce kada a ɗora aikin gaske a kansa. Ko bayan ya nuna, sabo ne idan aka auna shi da layin rinjaye da ake aiki da shi tun 2019. Idan da ka ce mini kana tara dannawar miliyoyin masu ziyara ko bayanan na'urorin awo don nazari, da Kafka zan ce maka. Ba aikinka ke nan ba.

Wani zai ce maka wata rana za ka so sake karanta tsofaffin saƙonni, kuma a nan Kafka ya fi. Gaskiya ne ya fi, amma tun siga ta 3.9 a 2021 RabbitMQ yana da nasa kundin mai gudana da ake iya komawa baya a karanta, kuma saƙo guda yana iya shiga layi ya kuma shiga kundin a lokaci ɗaya. Ga buƙatar binciken lissafi ta kamfani matsakaici wannan ya isa, ba tare da ka ɗauki ƙungiyar ma'aikata ta biyu don kula da dillali na biyu ba.

Akwai abubuwan da ya kamata ka shiga da saninsu. Kowane layin rinjaye rukunin Raft ne mai zaman kansa, don haka dubban layuka suna da nauyi, kuma layukan wucin gadi da ake buɗewa a rufe cikin daƙiƙa gara a bar su a matsayin layi na gargajiya. Mai karɓar da ya riƙe saƙo ya wuce minti 30 bai shaida ba za a yanke masa tashar, sai idan ka ƙara wa'adin. Dole mai aikawa ya jira tabbacin karɓa, dole mai karɓa ya shaida bayan ya gama aiki ba kafin ya fara ba, kuma dole kowace oda ta zo da lambarta ta musamman da manhajar lissafi za ta duba, domin saƙo yana iya zuwa sau biyu idan sadarwa ta yanke a daidai lokacin shaida. Sannan tun bayan da Broadcom ya sayi VMware, kamfanin da ke riƙe da RabbitMQ, a 2023, gyare-gyaren kyauta suna zuwa ne ga jerin da ya fi sabunta, tsofaffin kuma sai masu kwangilar tallafi. Wannan yana nufin ka kafa siga mafi sabunta a jerin 4, ka kuma sa sabuntawa cikin jadawalin aikinku na kowace shekara. Idan kuwa akwai tsohon RabbitMQ a wani lungu na kamfaninku, sai ya hau 3.13 tukuna, a kunna duk makunnan fasalinsa (feature flags), a kuma kwashe tsofaffin layukan kwafi zuwa na rinjaye, kafin a taka 4.0.

Ba ka tambaye ni wannan ba, amma ba zan yi shiru a kan masu sayar da aikin kafawa ba, domin a nan ake cutar kamfanoni da yawa. Manhajojin nan biyu kyauta ne, RabbitMQ a ƙarƙashin lasisin Mozilla, Kafka a ƙarƙashin na Apache. Halal ne mutum ya karɓi kuɗin aikinsa da na tallafinsa, amma akwai masu sauya wa shafin kulawa suna da launi su ce tasu fasahar ce, su ɗora maka kuɗin lasisi na shekara-shekara a kan abin da ba su rubuta ba. Akwai masu kafa tsohuwar siga da suka saba da ita su ce sabuwa ce. Akwai masu nuna maka sabar uku a allo alhali duka ukun a cikin na'ura ɗaya suke zaune, wuta ɗaya, faifai ɗaya, ranar da ta faɗi duka sun faɗi. Akwai kuma masu tura maka Kafka don kawai kwangilar kula da shi ta fi tsoka, suna ambaton manyan kamfanonin da ke amfani da shi kamar girmansu ɗaya da naka. Duk wanda ya rantse maka cewa tsarinsa ba zai taɓa maimaita saƙo ba, ba tare da ya tambayi yadda manhajar lissafinka ke gane oda da ta riga ta gani ba, ko dai bai san aikin ba ko yana so ya yaudare ka.

Kada ka yarda da cinikin biri a sama. Kafin ka biya kason ƙarshe na kwangila, ka sa a buɗe maka shafin kulawa ka karanta lambar sigar RabbitMQ da ta Erlang, yaren da aka rubuta shi da shi, da idonka, ka duba cewa nau'in kowane layin kuɗi na rinjaye ne kuma yana da mambobi uku, ka kuma nemi a nuna maka na'urori uku daban-daban da suke zaune a kai. Daga nan a tura saƙonnin gwaji masu lamba a jere, kai da kanka ka zaɓi sabar da za a kashe ana tsakiyar turawa, a ƙarshe a ƙirga abin da ya isa a gwada shi da abin da aka tabbatar an karɓa. A tura kuma saƙo guda mara kyau da gangan, a nuna maka inda ya sauka bayan ya cika gwajinsa. A rubuta cikin kwangilar cewa kalmomin sirri na shugaban tsari da fayilolin saiti mallakar kamfaninku ne, za a miƙa su ranar karɓar aiki, kuma a ranar za ku sauya kalmomin, ku share asusun baƙo da manhajar ke zuwa da shi, ku rufe tashar 5672 mara ɓoye bayani ku bar 5671 mai ɓoye bayani da TLS.