Wata biyar da Syncthing tsakanin sabar ofis da ta haya

Ni dai da rsync, manhajar kwafe fayiloli, na saba, na sa shi a cron mai tayar da aiki a kan lokaci yana kwashe fayiloli daga sabar ofis zuwa wacce muke haya a waje. Shi kuma hanya ɗaya yake bi, to da abokin aikina ya fara gyara takardu kai tsaye a can sai na yi wayo na sa shi ta ɓangare biyu har da --delete, wato ya goge duk abin da babu shi a ɗaya ɓangaren. Ranar da ta kwaɓe, folda guda ta rasit ɗin da muka yi sikanin ta yi ɓatan dabo, kuma wallahi laifina ne.

Shi ne fa na koma Syncthing, manhajar da ke daidaita fayiloli ta ɓangare biyu. Kyauta ne, ka sa shi a duka biyun, ka ba wannan Device ID ɗin wancan, wato lambar shaidarsa, shikenan sun san juna. Shafin saitinsa na port 8384 a cikin sabar kawai yake buɗewa, sai da na bi ta SSH, hanyar shiga saba daga nesa, na same shi, wannan ya ɗan ci min lokaci.

Abin da ya fi kwanta min a rai, in an ɗauke wuta ko netwok ya yi tsiya ba ruwansa, da sun sake haɗuwa zai ɗora daga inda ya tsaya, kuma guntun da ya canza a fayil kawai yake turawa, data ta ta huta. In mu biyu muka taɓa fayil ɗaya kafin su haɗu, wanda aka gyara a ƙarshe ya riƙe sunansa, ɗayan kuma ya maƙala masa sync-conflict da kwanan wata, kai za ka zauna ka tantance, ba zai haɗe maka su ba.

Amma fa in ka goge a nan, nan take ya goge a can, kuma file versioning, wato ajiye tsohon kwafin fayil, a kashe yake zuwa. Na kunna nau'insa na Staggered a duka ɓangarorin, don abin da ɗayan ya goge ko ya canza kaɗai yake ɓoye maka a foldar .stversions, wanda ka goge da hannunka a nan sai dai ka nemo shi a can.

Foldar MySQL, ma'ajiyar bayananmu, kam ban yarda na saka ba, dump nake yi da daddare, wato in fitar da kwafin bayanan a fayil, shi ya tafi.