Wata uku ina horon karenmu da kilika, ga abin da na gani

Karenmu tun yana kwikwiyo ɗan sati 10 muka ɗauko shi, kuma wallahi kafin ya kai wata biyar ya kusa sa min hawan jini. Baƙo na shigowa sai ya daka masa tsalle, takalmi ba ya kwana lafiya, in ka sa masa igiya kuwa shi ke jan ka ba kai ke jan shi ba. Likitan dabbobin da ke masa allura ne ya ce in daina tsawa in gwada kilika.

Ba wani abu ba ce fa, ƴar roba ce kamar kwalin ashana da ɗan ƙarfe a ciki, in ka danna ta yi ƙas. Da na gan ta har dariya na yi. Ashe dabarar tsohuwa ce, wata Ba'amurkiya Karen Pryor da ta horar da dolfin (wata dabbar teku mai wayo) a Hawaii a shekarun 1960 tana cikin waɗanda suka yaɗa ta ga masu karnuka.

Kwana biyun farko ba abin da na koya masa, dannawa kawai nake in miƙa masa ɗan guntun nama, har ya gane duk ƙas akwai lada a bayanta. Daga nan muka shiga "zauna". Nan ne na gane lokaci shi ne komai, dole ka danna daidai sa'ad da gindinsa ya taɓa ƙasa, ni kuma hannuna nauyi, sai ya riga ya miƙe nake dannawa, haka na yi sati guda ina koya wa kare ya zauna ya yi zumbur ya tashi ban sani ba, ina ta cewa ba shi da kai alhali ni ne. Da na gyara, kwana huɗu ya kama. Horon minti biyar a lokaci guda ya isa, in ka wuce haka hankalinsa ya tafi.

Tsallen da yake wa baƙi ma ya ragu sosai, don yanzu sai ƙafa huɗu na ƙasa yake jin ƙas.

Amma yara sun so su ɓata min aiki. Sun mai da ita abin wasa suna ta dannawa ba lada, sai da na koma farko, yanzu a aljihuna take kwana. Sannan ya fara ƙiba, likita ya ce ladan kar ya wuce kashi 10 cikin 100 na abincinsa na yini, sai na koma ɗiba daga cikin abincin nasa.

Haushin dare kam ko gezau, kilika ba ta hana abu, nuna masa kawai take ya yi daidai. Cin takalmi kuma ina ga gama canjin haƙori ne ya rage shi wajen wata bakwai, ba zan ba ta wannan yabon ba. Ga riƙo, igiya a hannu, nama a hannu, ita kuma fa? Mai siya ya nemi mai madaurin hannu, tawa ba ta da shi kuma sau biyu tana faɗa min a kwata.

Zan sake siya in ta ɓace. Jan igiyar ne har yau muke fama, jiya ma sai da ya ga mage.