Wata biyu da na'urar da ta sa tsohuwar rediyona kama FM

Akwatin rediyon nan ƙirar Amurka ce ta 1941, mai bawul (kwalaben gilashin nan da rediyoyin da ke aiki da su kafin zuwan tiransisto), jikin katako. Mai gyara ya canza mata duk tsofaffin kafasita da wayar wuta, matsakaicin zango da gajeren zango suka tashi tar, amma da na murɗa FM sai shuuu kawai nake ji, na ɗauka aikin ne bai yi ba har na koma masa da ƙorafi. Ashe ba laifinsa ba ne.

FM ɗin da ke jikinta ba irin namu na yanzu ba ne. A 1940 hukumar sadarwa ta Amurka, FCC, ta ware wa FM megahaz 42 zuwa 50, a nan tashoshin farko suka zauna, irin su W47NV ta Nashville da ke kan 44.7. Sai a 1945 hukumar ta kwashe su ta maida sama, inda yanzu muke da 88 zuwa 108. Edwin Armstrong da ya ƙirƙiro FM ɗin ya yi ta faɗa da hukuncin amma ina, rediyoyi dubu ɗaruruwa suka wayi gari ba tashar da za su kama. Tawa na cikinsu.

Mai gyara ya ce zai iya sauya mata koyil ta koma sabon zango, na ce a'a wallahi, abin da ya shekara tamanin da wani abu a yadda yake ba ni zan farke shi ba. Sai na sayi wata 'yar na'ura da ake saƙalawa tsakanin eriya da rediyo, ita ke ɗauko tashoshin yanzu ta sauko da su inda allurar za ta iya riskarsu.

Tana aiki kam. Sautin yana da kauri, muryar mai labarai kamar yana zaune a falo, ba na jin wannan ƙaiƙayin na ƙananan sifiku. Amma sai da haƙuri. Faɗin tsohon zangon megahaz 8 ne, na yanzu 20, to ba zai shiga gaba ɗaya ba, akwai maɓalli mai hawa uku a jikin na'urar da sai ka juya kafin ka lalubo tashar, kuma lambar da ke fuskar rediyon ba ta da alaƙa da lambar tashar, sai da na rubuta su a takarda na manna a bayanta.

Abin da ya fi ba ni wahala shi ne kowace tasha sau uku kake jin ta kusa da juna, ta tsakiyar ce ta gaskiya, na gefe biyun muryar a shaƙe take. Wata 'yar koriyar fitila mai kamar ido da ke fuskar rediyon, mai nuna ƙarfin tasha, wannan idon ke taimakona, in ya tsuke to na kusa. Sannan minti goma sha biyar na farko kafin bawul su ɗau zafi tashar zamewa take yi, sai ka riƙa binta kaɗan kaɗan, bayan nan ta zauna daram.

Wanda zai kawo irinta gida kar ya manta wutar 110 take ci, sai da sitefdawun. Na'urar kuma a ba ta eriya mai kyau a waje, da na gwada guntuwar waya a ɗaki tasha biyu kawai na samu.