Shagon tsofaffin kuɗi a Kurmi, na je na gani

Jama'a ran Asabar na kai wasu tsofaffin takardun kuɗi da muka tsinta a adakar kakarmu wajen wani dattijo mai sayar da kayan tarihi a kasuwar Kurmi, ni dai na zata duk abin da ya tsufa tsada ne, ashe ba haka ba. Baba ya ɗauko gilashin ƙara girma ya ɗaga kowace a haske, yana duba sa hannun gwamnan banki da lamba da launi, har ya ware min naira ɗaya mai sa hannun Adamu Ciroma, ya ce Ciroman daga 1975 zuwa 1977 kawai ya riƙe CBN, wato Babban Bankin Najeriya, don haka a lallaɓa ta. Tsohuwar Murtalar ma, wato naira ashirin, ashe kala biyu ce, ta 1977 da wadda aka canja wa launi a 1984.

Fam ɗin 1959 kuwa sai ya girgiza kai: "Yaro, wa ya sa mata salatif?" Ƙanina ne wallahi, kuma wai wannan ya kashe mata daraja.

Inda ban ji daɗi ba, shagon duhu ga ƙura, tayinsa kuma ya yi ƙasa sosai. Dubawa dai dubu biyu ya karɓa, na dawo da kayana gida.