Tsohuwar na'urar CD ta ƙi faifan MP3: a gyara ko a sayi wata?

Kawuna a unguwar Nima ta Accra yana da akwati cike da fayafayen tafsirin azumi da aka ɗora masa daga kwamfuta shekarun baya. Ya sa ɗaya a tsohuwar na'urarsa ta falo, faifan ya juya, lambobin lokaci suna tafiya, amma shiru kake ji. Ya ce, "Ɗana, kai ta wurin mai gyara ya juya mata kai." Kafin ka kwashi taka kamar yadda na kwashi tasa, ga abin da ke ƙasa.

Idon na'urar lafiyarsa ƙalau, ƙwaƙwalwarta ce ba ta jin yaren. Faifan sauti, wanda Philips da Sony suka tsara a 1980 aka fara sayarwa a 1982, sauti ne zalla a jere, minti 74 zuwa 80. Faifan bayanai kuwa, irin na Kawu, fayiloli ne, kowane yanki yana ɗauke da bayit 2,048 maimakon 2,352 na faifan sauti, saura an ware don gyaran kuskure da alamar wuri. Sai an sami abin da zai gane jerin fayilolin, sannan ya warware MP3 ɗin. Tsohuwar ba ta da ko ɗaya. Canjin ido ba zai ba ta ba, duk wanda ya ce maka zai yi, riƙe kuɗinka. Wasu tsofaffin ma ba sa yin shiru, wata ƙara suke saki mai iya lahanta sifika, don haka rage murya kafin gwaji.

Mafi sauƙi, na'urar DVD ta hannu. Yawancinsu suna karanta MP3 a faifan CD, sai ka haɗa jar waya da fara zuwa ramin AUX na tsohuwar, wato inda take karɓar sauti daga waje, sifikokinka na nan daram. Illarta guda: da wuya ka zaɓi fayil ba tare da talabijin ba, kuma rimot ne ranta. Ba rimot, kada ka saya, ko da mai kaya ya rantse zai samo maka gobe.

Ni dai hanya ta biyu na bi. Na sayi ƙaramin makarancin faifai mai shiga kwamfuta ta USB, irin da ake samu a kasuwar Circle ta Accra, na kwashe fayafayen duka zuwa filas. Faifai ɗaya mai megabayit 700 yana cin kusan awa 12 na MP3 matsakaici, ka ga filas mai giga 32 zai haɗiye fayafaye sama da 40. Daga nan na je layin 'yan kayan lantarki na Zongo Lane na sayi ɗan allon lantarki mai karanta MP3, mai ramin USB da mimori da Bluetooth, mai gyara ya haɗa shi da AUX. A nan ka buɗe ido: wani allon bolt 5 yake so, wani 12, tambaya kafin a jona. Na farkon da aka sa mana ya yi ta gunji ƙasa-ƙasa, sai da aka ba shi cajarsa daban ya yi shiru.

Akwai masu cewa a mayar da MP3 ɗin faifan sauti. Yana yi, amma awa 12 za ta ci fayafaye 9, kuma sai CD-R, wanda ake ɗora wa sau ɗaya, don tsofaffin na'urori da yawa ba sa ganin CD-RW, wanda ake gogewa a sake ɗorawa.

Ko wacce ka zaɓa, tafi kasuwa da faifanka, wanda ya fi karcewa, ba mai sheƙin da ke shagon ba. Sa shi, tsallaka zuwa fayil na ƙarshe, ka tsaya minti biyar kana sauraro. Fayafaye uku na Kawu sun riga sun ɓare ta saman, babu na'urar da ta karanta su. Sauran suna cikin filas ɗin da ya ɗaura wa zare ya rataye a jikin na'urar.