Wata uku ina karanta fayilolin CHM da xCHM

Tun da na koma Linux a kwamfutata ta tebur, abu ɗaya ya tsaya mini a rai: tarin fayilolin CHM, wato littattafan taimako da jagorori na kwamfuta, da na yi shekara da shekaru ina ajiyewa, ciki har da jagorar PHP, yaren rubuta manhajojin yanar gizo, da nake dubawa duk lokacin da intanet ta ɗauke. A Windows danna sau biyu kawai ake yi su buɗe, tunda Microsoft ce ta fito da tsarin a 1997 don ya gaji WinHelp, tsohon tsarinta na fayilolin taimako. A nan kuwa na danna, shiru kake ji.

Manhajar farko da na gwada, ba sai na kama suna ba, ta buɗe fayil ɗin amma ta watsar da jerin babuka, sai ga shafuka birjik kamar an zazzage buhu. Ko kwana ba ta yi ba na goge ta.

Daga nan na sauke xCHM. Kyauta ce, ba ta da nauyi, kafin ka ɗauke hannu daga linzami ta riga ta buɗe. A gefen hagu akwai jerin abubuwan ciki, da fihirisa, da wurin bincike. Fihirisar ce ta saye ni. Ina rubuta "str_re", tun ban ƙarasa ba ta kai ni kan umarnin PHP na str_repeat da str_replace. Ana iya sa wa shafi alama a dawo masa gobe, ana kuma iya ƙara girman rubutu, wanda idanuna suka yi na'am da shi sosai.

Amma fa kada ka sa ran ado. Fayil ɗin CHM shafukan HTML ne aka matse wuri guda da tsarin LZX, ita kuma xCHM da ƙaramin injin wxWidgets, kayan aikin da aka gina ta da shi, take nuna su. Ba ya gudanar da JavaScript, wato kod ɗin da shafi kan zo da shi, bai kuma damu da kwalliyar CSS ba, don haka wasu jadawalai kan fito tsirara, ba launi ba tsari. Ni hakan bai dame ni ba. Hasali ma hankalina ya fi kwanciya, domin an sha ɓoye mugun kod a cikin irin waɗannan fayiloli.

In shafi ya ƙi karantuwa, sai in warware fayil ɗin da 7-Zip in buɗe shi a burauza, ko da yake a can babu fihirisa. Sau biyu kacal na yi hakan cikin wata ukun.