Butik ɗin nan mai rassa huɗu, ku gyara firigo kafin ku buɗe na biyar

Salamu alaikum 'yan uwa. Ba zan kama suna ba, amma ni tun suna da shago guda can wajen kasuwar Dole nake sayayya wurinsu, lokacin maigidan da kansa ke zama a kes yana ba mutane canji. Yanzu Allah ya buɗa masu, rassa huɗu cikin Damagaram, ga kilim ga mashin mai fidda tike, kuma har zuciyata na yi masu murna don ɗan gari ne ya ci gaba.

To ranar Alhamis ɗin da ta wuce ɗiyata ƙarama tana kwance da zazzaɓi, ta ƙi koko ta ƙi fura, yawur kawai take kira. Bayan la'asar na hau kabu-kabu zuwa sabon reshen da ke kusa da mu, na ɗauki yawur shida da madara, jaka biyu da ɗari. Tun da na taɓa na ji babu sanyin kirki, na tambayi yaron kes ya ce "Baba an ɗauke kuran ne ɗazu, yanzu aka maido." Na yarda, wa bai san halin kuran, wato wutar lantarki, ba a wannan zafin da ke haura 40. Ina isa gida uwarta ta duba ta ga murfin ya kumbura, ta buɗe, ruwa gefe guda gudaji gefe guda, ga tsami kamar an kwana uku da shi a rana. Allah ya sa ta ɗanɗana kafin ta ba yarinyar, wallahi har yanzu in na tuna sai gabana ya faɗi, yaro mai zazzaɓi ka ƙara masa gudawa a kai?

Na koma da tike a hannu da yawur ɗin duka shida. Yaron ya duƙar da kai ya ce "Baba ka yi haƙuri, mashin ta riga ta rubuta, ni ba ni da ikon maida kuɗi sai jeran ya zo." Yaushe jeran ɗin, wato mai kula da shagon, zai zo? Bai sani ba. Na tsaya har aka kira magariba. Gardin ƙofa ne ya ja ni gefe ya ce tun safe gurup ɗinsu, wato injin ba da wuta, ba gazuwal, firigo a kashe ya wuni, kuma ba wanda ya ce a kwashe kayan. A garin da matatar mai ta SORAZ ke nan kusa da mu tun 2011 a ce shago kamar wannan ya wuni ba gazuwal! Yaron ban ga laifinsa ba, an zaunar da shi ne an ɗaure masa hannu.

Ƙanena da ke jami'a ya taɓa nuna min tarihin shagunan 7-Eleven na Amurka. A 1927 suka fara a birnin Dallas, ƙanƙara suke saidawa, sai suka haɗa da madara da ƙwai da burodi tunda suna da abin sanyaya su. A 1946 suka ɗauki sunan saboda suna buɗewa bakwai na safe su rufe sha ɗaya na dare, yau suna da shago sama da 80,000 a duniya kuma kamfanin yana hannun 'yan Japan. Da sanyi mutanen nan suka fara, namu kuma sanyin ne suka bari a baya suna ta fentin sabon reshe.

Gaskiya dai dole in faɗi alherinsu. Washegari na je tsohon shagon, wata yarinya a kes ta saurare ni har ƙarshe, ta ce "Alhaji Allah ya ba ta lafiya", ta maido min kuɗina ba gardama, a gabana ta buga waya can reshen ta ce su fidda duk abin da ke cikin firigon. Raina ya yi sanyi sosai, har na ɗauki sabulu da sukari na ce ya wuce.

Sai wajen canji, saura dala goma, aka miƙo min alewa biyu. Nan fa ɓacin ran ya dawo sabo, don wannan ba yau aka fara ba. Tun da aka rufe iyaka a 2023 kaya suka hau muna ta haƙuri, an buɗe ta Najeriya farashi bai sauko yadda muka zata ba, kuma a ce ɗan canjin namu ma sai an maida shi alewa. Mai tebur na bakin unguwarmu in ba shi da canji cewa yake gobe ka karɓa, kuma yana tunawa.

Shinkafa da sabulu zan ci gaba da saye wurinsu. Abin firigo kuwa sai tsohon shagon, shi ma sai na danna murfin da yatsa tukuna. Yarinyar ta samu sauƙi alhamdulillahi, jiya ta koma lakwal.